Kuloci, Giya Ko Bel: Wanne Za Ka Taɓa Idan Ƙarin Gudu Kake Nema A Babur Ɗin Ƙanƙara?

Babura biyu na ƙanƙara, wato abin hawan nan mai inji da ake tuƙawa a kan dusar ƙanƙara a ƙasashe masu sanyi, kamfani ɗaya, inji ɗaya, shekarar ƙira ɗaya, sun jeru a kan daskararren tafki. Aka ɗaga hannu, suka tashi tare. Kafin a kai ƙarshen fili, ɗaya ya ba ɗan'uwansa tazarar da ba ta buƙatar gardama. Wanda aka bari a baya, abin da zai fara faɗa shi ne, "Kulocina ne." Sau da yawa kuwa da gaskiyarsa. Sai dai kalmar kuloci a wannan abin hawa ba abu guda take nufi ba. Akwai kulocin gaba, akwai na baya, akwai bel a tsakaninsu, kowanne da kayan cikinsa. Sannan can gefe akwai akwatin sarƙa, wanda mutane da yawa ke mantawa da shi alhali shi ne ke yanke iyakar gudu. Wanda bai san wanne ke riƙe masa babur ba, zai yi ta shafa magani a inda ba nan ciwon yake ba.

Kuloci ba ya ƙara wa inji ko ƙarfin doki ɗaya. Aikinsa kawai ya riƙe injin a daidai juyin da yake ba da ƙarfinsa mafi yawa, ya miƙa wannan ƙarfin zuwa ƙasa ba tare da ya zubar da shi a hanya ba. Duk gyaran da za mu kwatanta a nan, da wannan ma'aunin za mu auna shi.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin murfi

Babur ɗin ƙanƙara ba shi da giya ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Kulocin gaba yana ɗaure a kan sandar inji, faifai biyu ne masu gangara suna fuskantar juna, bel na tsakaninsu. A cikinsa akwai ƙarafan nauyi, galibi uku, da sifirin guda. Idan inji ya ƙara juyi, ƙarafan su buɗe waje, su tura faifai ɗaya ya matso, sifirin kuma yana turjewa. A yawancin injuna masu bugu biyu, wato waɗanda ke ba da wuta a kowane juyi ɗaya, faifan yana cafke bel ne tsakanin juyi 3,500 zuwa 4,000 a minti, a nan babur ke fara motsi. Daga nan, gwargwadon matsowar faifan, gwargwadon hawan bel zuwa bakinsa.

Tunda tsawon bel ba ya canzawa, hawansa a gaba yana nufin nutsewarsa a baya. Kulocin baya shi ma faifai biyu ne, amma shi sifirin ɗinsa matse su yake yi, kuma yana da wani ƙarfe mai murɗaɗɗiyar gangara da ake kira heliks. Wannan ƙarfen ne ke jin nauyin da ke kan babur. Ka shiga dusar ƙanƙara mai zurfi ko ka fara hawan tudu, heliks ya ƙara matse bel, ya mayar da shi sama, wato ya sauko da giya. A farkon tashi inji yakan juya kusan sau huɗu kafin kulocin baya ya juya sau ɗaya. A ƙarshen hawa sukan daidaita ɗaya da ɗaya, wasu ma su ɗan wuce, na baya ya fi inji saurin juyi.

Ja-in-ja ne ke nan tsakanin gaba da baya, kuma juyin da inji ya tsaya a kai idan ka matse totur gaba ɗaya shi ne sakamakon wannan ja-in-jar. Kowane inji yana da juyin da yake so. Injin Rotax 850 E-TEC na baburan Ski-Doo yana wajen 7,900. Patriot 850 na kamfanin Polaris ya ɗan haura 8,000. Injin Yamaha mai bugu huɗu da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, na cikin babur ɗin Sidewinder, ya fi su duka son juyi. Injin mai bugu biyu kuwa ba shi da haƙuri: ka wuce juyinsa da ɗari uku ko ka gaza da ɗari uku, ƙarfi ya zube a fili. Littafin babur ɗinka ya rubuta lambar, ita ce alƙiblarka.

Gwaji biyu kafin ka kwance noti ko ɗaya

Na farko da agogon juyi. A fili mai tsawo, miƙaƙƙe, mai tauri, inji ya ɗumama, ka matse totur har ƙarshe ka lura. Juyi ya kamata ya hau da sauri zuwa lambar littafi, ya zauna a nan yayin da gudu ke ƙaruwa. Idan ya zauna ƙasa da lambar, kuloci ya yi wa inji nauyi. Idan ya zauna sama, ya yi masa sakwa-sakwa. Idan ya zauna daidai na ɗan lokaci sannan can ƙarshe ya fara haurawa, bel ya gama hawa, babu sauran giya, inji ne kawai ke ƙara kuka. Idan kuma ya fara daidai sannan ya riƙa sauka a hankali, to ko dai bel ya ɗau zafi, ko kuloci yana ci gaba da hawa alhali inji ba shi da ƙarfin ja.

Na biyu da alƙalamin maka, mai tawadar nan mai kauri. Ka ja layi a fuskar faifan gaba daga tsakiya zuwa baki, ka yi gudu ɗaya cikakke, ka kashe inji, ka duba. Inda bel ya goge, nan ya kai. Abin da ya rage na layin a baki, giya ce da ka mallaka amma ba ka taɓa amfani da ita ba.

Gudun kuma da GPS za a auna shi. Agogon gudu na babur juyin tirak yake ƙirgawa, wato shimfiɗar robar nan da ke ƙarƙashi, kuma idan tirak yana sulɓi a kan ƙanƙara agogo zai yi maka albishir ɗin ƙarya. Gardama da yawa a bakin tafki daga nan ta samo asali.

Gyaran da ba gyara ba

Na san ba batun tsabta da kula da bel mai neman gudu ke son ji ba, amma kilomita na farko da za ka samu sun fi yawan fitowa daga nan. Bel yana cinyewa ta gefe. Idan ya sirance, faifan gaba zai rufe har ƙarshe amma bel bai kai baki ba, ka rasa giyar sama ke nan. Sakin bel ma yana da awo: a samfura da dama na Polaris da Ski-Doo ana neman ya lotsa kamar milimita 32 idan an danna tsakiyarsa. Ya fi haka saki, babur ya tashi kamar wanda aka fara da giya ta biyu. Ya fi haka ɗauri, ya riƙa ƙara yana jan jiki tun inji na tsaye. Sabon bel ana wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, ya bushe, sannan a lallaɓa shi na kimanin kilomita 50 kafin a matse masa totur. Kuma bel biyu masu tsawo ɗaya ba lallai su ba da juyi ɗaya ba, domin mai taurin roba ya fi sulɓi, juyi ya ɗan hau, mai laushi ya fi kamu, juyi ya ɗan sauka. Wanda ya saita kuloci da bel iri ɗaya sannan ya sauya iri, ya koma farko.

Sai fuskokin faifai, waɗanda baƙar roba ke mannewa su yi santsi. Abin gogewa marar kaifi da ɗan sinadarin da ba ya barin maiƙo sun isa. Sai rola da bushi, ƙananan sassan cikin kuloci da ke sa faifai da ƙarafa su motsa a sauƙaƙe: idan sun cinye, faifai ya riƙa cijewa a tsakiyar hanya, kuma babu nauyin da za ka sa ya warkar da wannan. Sai daidaiton kulocin biyu, domin idan robar da ke riƙe inji ta saki, inji ya karkace a ƙarƙashin ƙarfi, bel ya riƙa gudu a gicciye yana cin gefe ɗaya. Shi kansa sifirin yana gajiya da shekaru.

Babur ɗin da ya yi dubban kilomita ba a buɗe kulocinsa ba, kusan tabbas yana da gudun da ya ɓace a nan. Wannan hanya ba ta ƙwace maka komai, ba ta taɓa garanti, kuma in ba ka bi ta ba, duk gwajin da za ka yi nan gaba ƙarya zai faɗa maka.

Kulocin gaba: nauyi ko sifirin

Idan agogo ya nuna juyi bai daidaita ba, a nan ake farawa, kuma nauyi ne babban makami. Ƙara nauyi yana sa faifai ya matso da ƙarfi, juyi ya sauka. Rage shi yana ɗaga juyi. Masu gyara suna da ƙiyasin da suke farawa da shi, cewa giram ɗaya a kowane ƙarfe yakan motsa juyi da kamar ɗari, amma ƙiyasi ne kawai, ya danganta da inji da siffar ƙarfen. Ƙarafan Polaris suna zuwa da lamba irin 10-64 ko 10-66, lambar ƙarshe tana nuna nauyin a giram, kusan-kusan.

Inda nauyin ya zauna a jikin ƙarfen ya fi jimillarsa muhimmanci ga mai neman gudun ƙarshe. Nauyin da ke gindi, kusa da inda ƙarfen ke lilo, ya fi tasiri a farkon hawa. Wanda ke can baki ya fi tasiri a ƙarshe, lokacin da ƙarfen ya gama buɗewa. Saboda haka idan maka ya nuna bel bai kai baki ba, kuma juyi yana sama da lamba a ƙarshen gudu, ƙarin nauyi a baki shi ne amsa. Wannan ne ya sa nake fifita ƙarafan da ake iya saitawa, masu ramukan da ake cusa ƙananan kusoshi ko maganaɗisu. Sun fi tsada a saye na farko, amma sun fi sayen jeri uku na ƙarafan da ba sa canzawa. Sharaɗi guda: duk ukun su zama nauyi ɗaya, a auna su da sikelin da ke ganin kashi goma na giram. Abin da ke juyawa sau 8,000 a minti ba ya yafe bambanci.

Masu Ski-Doo sun samu sauƙi. Kulocin TRA yana da kusoshin saiti uku, kowanne da matsayi 1 zuwa 6, kuma kowane mataki yana motsa juyi da kamar 200: lamba sama, juyi sama. Kulocin pDrive da ya zo tare da injin 850 a samfurin 2017 shi ma yana da irin wannan saiti a samfura da dama. Minti goma ne a bakin hanya, ba a sayen komai. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaga lamba don jin inji na kuka. Kuka ba gudu ba ne. Idan ka wuce juyin ƙarfi, ƙara ta ƙaru, GPS kuwa ya sauka. Kuma dole dukkan ukun su tsaya a lamba ɗaya.

Sifirin gaba yana zuwa da lamba biyu, misali 140/330, ƙarfinsa ne a awon fam a farkon matsa da kuma ƙarshensa. Ta farko ita ke yanke juyin da babur zai fara motsi. Ta biyu tana ɗaga ko sauke juyin sama. Sifirin ya fi ƙarafan nauyi araha, sai dai ni ban ɗauke shi makamin gudun ƙarshe ba. Dalili kuwa, ƙarfin da ke matse bel shi ne turin ƙarafa bayan an cire turjiyar sifirin. Sifirin mai taurin ƙarshe yana yaƙi da faifai a daidai wurin da kake son ya rufe. Amfaninsa na gaske yana wajen tashi: mai tsere na ɗan gajeren zango yana son cafka a juyi mai yawa don ya fizga, mai yawo kuma yana son cafka mai laushi. Cafka mai yawa ba ta ƙara ko kilomita ɗaya a ƙarshe, wahalar da bel kawai take yi.

Kulocin baya: inda ake ciniki

A nan babu kyauta. Duk abin da ka karɓa, da wani abu ka biya.

Ana auna heliks da kusurwa. Mai kusurwa babba yana barin faifan baya ya buɗe da sauƙi, hawa ya yi sauri, juyi ya sauka, matsin bel ya ragu. Mai ƙaramar kusurwa yana riƙe bel da ƙarfi, hawa ya yi jinkiri, amma da ka saki totur ka sake matsewa, giya ta sauko nan take. Akwai mai kusurwa ɗaya tun daga farko har ƙarshe, akwai mai biyu, kamar 48/42, wanda ke farawa da kaifi don fizga sannan ya kwanta don inji ya iya riƙe juyinsa lokacin da iska ta yi nauyi. Sifirin baya ma haka: mai tauri yana matse bel, yana sauko da giya da wuri, mai laushi yana sakin hawa.

Ga mai neman gudun ƙarshe, ƙa'idar ita ce matsi daidai wanda zai hana sulɓi, ba fiye ba. Matsin da ya wuce haka zafi yake zama, zafin nan kuwa ƙarfin inji ne da bai kai ƙasa ba. Shi ya sa babur ɗin da aka saita don tafki yakan samu sifirin baya mai ɗan laushi. Amma ka kai wannan babur ɗin hanyar daji mai kwana-kwana, za ka ga ya zama rago: ka fito daga kwana ka matse totur, inji ya yi nishi kafin ya farfaɗo, saboda bel ya maƙale a giyar sama. A dusa mai zurfi abin ya fi muni. Idan laushin ya yi yawa kuma bel ya fara sulɓi a baya, ya ƙone.

Hannu yana gaya maka gaskiya. Bayan gudu mai tsawo, ka kashe inji, ka kusanto da hannu ga faifan gaba da na baya a hankali, ko ka auna da na'urar zafi mai haske. Wanda ya fi ɗan'uwansa zafi sosai, a nan bel ke sulɓi. Idan duka biyun sun yi zafin da ba a iya taɓawa, akwai matsi mai yawa ko giyar ta yi wa inji tsawo.

Wani abu da ake mantawa: baburan da ke ja da baya ta hanyar juya inji a baibai, irin tsarin RER na Ski-Doo da PERC na Polaris, suna buƙatar heliks mai gurbin da aka yanka don haka. Ka sa wanda ba shi da shi, ka sayi matsala.

Shawarata, kada ka taɓa baya sai gaba ya daidaita. Masu gyara da yawa suna bin tsarin nan: juyi daga gaba ake saita shi, halin babur kuma daga baya. Wanda ya yi ƙoƙarin gyara juyi da heliks, yakan gyara abu ɗaya ya ɓata biyu.

Akwatin sarƙa: lissafi ba ya ƙarya, amma yana yaudara

Daga kulocin baya ƙarfi yana shiga akwatin da ke da giya biyu masu haƙora da sarƙa a tsakani. Bari mu yi lissafi da misali. A ce tazarar haƙoran tirak inci 2.86 ce, abin da ke jan shi kuma yana da haƙora 8. Juyi ɗaya ke nan yana tafiyar da babur kamar santimita 58. Inji yana juyi 8,000, kuloci ya kai ɗaya da ɗaya, giyar sama tana da haƙora 25, ta ƙasa 45. Gudun da takarda za ta ba ka kilomita 155 ne a awa. Ka sauya ta sama zuwa 27, takarda ta ce 167. Haƙora biyu kacal, kilomita 12. Wa zai ƙi?

Iska ce za ta ƙi. Ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana hawa ne da ninkin gudu sau uku a kansa, wato ƙarin kashi 10 cikin ɗari na gudu yana neman ƙarin kusan kashi 33 na ƙarfi a wannan ɓangaren kaɗai, ban da gogayyar tirak da sikin gaba, wato ƙafafun zamiya biyu da ke gaban babur. Idan inji ba shi da wannan rarar, doguwar giya ba ta ba ka komai. Heliks zai ji nauyin, ya hana bel hawa, ka tsaya a gudunka na da ko ƙasa da shi, da bel mai zafi da tashi mai nauyi.

A nan gwajin maka ke yanke hukunci. Idan bel ya goge layin har baki, kuma juyi yana haura lamba a ƙarshe, inji yana da rara, ƙara haƙori ɗaya ko biyu a sama zai biya. Wannan ya fi faruwa ga baburan da aka ƙara wa ƙarfi, da masu turbo, da waɗanda kamfani ya ba gajeruwar giya don aiki ko hawan dutse. Idan kuwa saura yatsa guda na layi bai gogu ba alhali juyi na daidai, giyarka ta riga ta fi ƙarfin injinka. Irin wannan babur ɗin, rage giya ne zai sa ya fi fizga, bel ya yi sanyi, gudun ƙarshe kuma ya tsaya inda yake, wani lokaci ma ya ɗan ƙaru. Mutane ba sa son yarda da wannan sai sun gani a GPS.

Sauya haƙora yana iya buƙatar sarƙa mai wani tsawo, kuma dole a sake duba juyi bayan an gama.

Akwai masu kai faifan gaba wurin mai injin sassaƙa ƙarfe, a rage shi don bel ya ƙara hawa ya wuce ɗaya da ɗaya sosai. Ni ban ba da shawarar wannan ga kowa ba sai ɗan tsere. Bayan ɗaya da ɗaya, bel yana lanƙwasa ne a ƙaramin da'ira a baya yana gudu da matuƙar sauri, asarar ƙarfi tana ƙaruwa, kuma ƙarfen da aka sassaƙe ba ya dawowa. Haƙori ɗaya a akwatin sarƙa yana yin aikin, kuma ana iya mayar da shi.

Ƙunshin kamfani ko saitin hannu

Kamfanoni irin su Dalton a Kanada da Starting Line Products a jihar Aidaho ta Amurka suna sayar da ƙunshi: ƙarafa, sifirin, wani lokaci da heliks, an gwada su a kan samfuri takamaimai. Amfaninsa a bayyane yake, wani ya riga ya ƙona mai da bel a madadinka. Abin lura shi ne kowane ƙunshi da abin da aka yi shi dominsa, kuma da yawa an yi su ne don fizga da saurin amsa totur, domin abin da mahayi ke ji a jikinsa ke nan kullum. Babur ya fi daɗin hawa, amma lambar GPS tana iya zama inda take. Kafin ka biya, ka tambaya: don wane tsayi daga teku, wane tirak, da ƙusoshi a jikin tirak ko babu, kuma gudun ƙarshe ne ko tashi?

Batun tsayi ba ƙarami ba ne. Injin da ba shi da turbo yana rasa kamar kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane mita 300 na hawa. Saitin da ya yi daidai a tafkunan jihar Minisota ta Amurka zai shaƙe inji a duwatsun jihar Kolorado, shi ya sa littattafan kamfani ke da jadawalin nauyi bisa tsayi. Sanyi ma haka: ranar da ya tsananta iska ta fi kauri, inji ya fi ƙarfi, juyi ya hau. Ranar da dusa ta jiƙe ta yi nauyi, juyi ya sauka.

Saitin hannu ya fi kai mutum ga daidai, amma yana cin lokaci, kuma yana da doka ɗaya da ba a karyawa: canji ɗaya a lokaci ɗaya, fili ɗaya, gudu biyu zuwa da dawowa, a rubuta juyi da gudu da yanayin ranar. Yana kuma buƙatar kayan aiki na gaske, abin zaro kuloci na samfurinka, abin danne sifirin, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Akwai alamomi a jikin murfi da faifai da ke nuna yadda aka daidaita nauyinsu a masana'anta, dole su koma yadda suke. Ba a tayar da inji a ba shi wuta babu bel, ba a hawa babu murfin kariya. Kulocin da ya tarwatse a wannan juyin, ƙafar mahayi ce a kusa da shi. Idan babur yana cikin garanti, ka tambayi dila kafin ka canza wani abu.

Wanne ga wa

Mai hawa a hanyoyin da aka gyara, ya tsaya a tsabta, sabon bel, da daidaita juyi. Dokar ma ba ta bar masa wurin amfani da ƙari ba: iyakar gudu a hanyoyin lardin Ontariyo na Kanada kilomita 50 ce a awa, a lardin Kwibek 70, a filaye da ruwayen gwamnati na Minisota mil 50, kamar kilomita 80. Babur mai inji mai girman cc 600 yana wuce waɗannan tun bai gama numfashi ba. Abin da zai ji daɗinsa shi ne amsa totur daga kwana, wanda saitin gudun ƙarshe ke ragewa. Idan yana son ya kashe kuɗi, ƙunshin da aka yi don hanya ya fi masa.

Mai babur ɗin dutse, mai tirak dogo da haƙora masu kusan inci uku, ya manta da zancen. Dogayen haƙoran nan ba a yi su don gudu a kan ƙasa mai tauri ba, suna zafi har su yage, kuma kamfanoni suna gargaɗi a kan haka. Shi nauyi daidai da tsayin dutsensa yake buƙata, da kulocin baya mai saurin saukowa.

Mai zuwa gasar auna gudu a tafki, inda aka share fili aka auna kaurin ƙanƙara, shi ne wanda duk wannan ya shafa. Tsarinsa: tsabta da bel, sannan ƙarafa masu saiti har juyi ya zauna a lamba tun daga tashi zuwa ƙarshe, sannan maka, sannan giya idan maka ya ba da izini, a ƙarshe a sassauta baya kaɗan-kaɗan ana duba zafi. Kuma kada ya raina abin da ke wajen kuloci. Tirak mai gajerun haƙora, kamar inci 1.25 ko ƙasa, ya fi mai dogaye gudu. Tirak da aka ɗaure fiye da kima yana cin ƙarfi. Robar da tirak ke zamewa a kanta tana buƙatar dusa don ta yi sanyi, a kan tsurar ƙanƙara takan yi zafi har ta manne, shi ya sa ake sa ƙarafan da ke kankaro ƙanƙara suna fesa mata. Sikin gaba da suka karkace suna huɗa maimakon zamewa. Ranar gasar kuma ya tafi da bel na biyu wanda aka riga aka lallaɓa, iri ɗaya da wanda ya yi saiti da shi, da ƙananan kusoshin nauyi a aljihu, domin sanyin safiya da na azahar ba juyi ɗaya za su ba shi ba.